Ranar Da Na Ƙi Faɗuwa

Babur ɗin da na ci a kokawar kaka shi na fara sayarwa, sannan jan bijimin da wani attajiri ya ba ni ranar da na kayar da wani ƙato daga Damagaram. Inna ta ƙara da tunkiyarta ba tare da na roƙa ba. Na haɗa duka na damƙa wa wani ejan a Kano, shi kuma ya miƙo mini takardar ɗalibi ta wata kwaleji a Kuala Lumpur. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare! Har na baro ƙasar ban ga ƙofar kwalejin nan ba, ban ma tabbata tana da ƙofa ba.

Kai Nura, matso da bencin nan, ku kuma na baya ku daina surutu. Ku kuka ce Kawu Habu ya ba ku labarin Malesiya, to ku buɗe kunne, don ba kullum nake iya ba da shi ba.

Ku yanzu da awon gero kuka san ni. Amma ku tambayi iyayenku wane ne Habu ɗan Tanko a fagen Maigatari. Babana ɗan kokawa ne, kakana ma haka. Kun dai san dokar tamu, ba sai an shimfiɗe ka ba, ko dafa ƙasa ka yi da hannu an gama da kai. Shekara tara ina shiga fage ba wanda ya sa na dafa. Abin da ya fitar da ni kuwa, kirari ba ya cika tukunya, kokawa kuma wata uku ce a shekara.

Garin nan ruwan sama kusan kullum da la'asar, zufa kuma ba ta da ranar hutu. Suna da wani jirgin ƙasa da ke bi ta saman titi, Alarti muke ce masa. Ranar farko na kutsa har gaba don in gaida direba, ka san tarbiyya, sai na tarar ba kowa, gilashi ne kawai, jirgi kuma yana ta gudu abinsa. Ban daina a'uziyya ba sai da ƙafata ta taka ƙasa. Ɗaki na kama a Taman Melati, a gidan wata tsohuwa 'yar Sin da kowa ke kira Anti. Satina na farko na ɗora miyar kuka, sai ga ta da gudu ta toshe hanci.

"Habu! Me ya mutu a kicin ɗina?"

"Ba abin da ya mutu, Anti. Daddawa ce."

"Fitar da ita! Maƙwabta za su kira hukuma!"

"Ke da kike cin duriyan? Anti, in daddawa gawa ce, abin nan naki maƙabarta ce sukutum."

Duriyan wani ɗan itace ne mai ƙaya, suna mutuwar sonsa, warinsa kuwa ko a jirgi an hana shiga da shi. Kwana uku ba ta yi mini magana ba. A na huɗu ta lakaci miyar da cokali, ta ce "bole lah", wato ba laifi.

Aiki na samu a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, mu Bokitin Bintu muke cewa, don bakinmu ya ƙi ɗaukar sunan. Wankin tukwane, hura gawayin shisha, sauke buhunan shinkafa. Maigidan mutumin Yaman ne, gajere mai faɗan tsiya. In ya ga na zauna sai ya ce, "Habu, kujera ba ta cikin aikinka." Ni kuma in ce, "Ya shaikh, gwada ta nake, kada ta karye da baƙo."

A ƙofar bayan gidan abincin nan na haɗu da Kumar. Ɗan ƙasar ne, asalin kakanninsa Indiya, aikinsa kai wa mutane abinci a babur. Siriri ne amma a murɗe, ga fara'a. Wata rana ya zo ɗaukar tapau, wato abincin da aka ƙulle za a tafi da shi, ya tarar na rungumo firiji ni kaɗai ina fitar da shi, abin da mutum uku suka kasa. Ya cire hular kwanonsa ya zagaya ni sau biyu, kamar mai tayin bijimi a kara.

"Bang," ya ce, haka suke kiran yaya, "ka taɓa yin kokawa?"

Na yi dariya har na kusa sakin firijin.

Ranar Lahadi da safe ya goya ni a babur ya kai ni Setapak, saman wani shagon taya. Ina hawa bene na ga dandamali mai igiyoyi, irin na resilin ɗin da kuke kallo a gidan kallo. Sai dai waɗannan ba na talabijin ba ne. Masu gyaran kwandishan ne, da malamin firamare, da mai tuƙa tasi, kowa da aikinsa, ranar Asabar su ari zauren unguwa su yi wasa a gaban mutanen da ba za su cika masallacin Juma'ar ƙauye ba. Shugabansu wani dattijon Bamale ne, wato ɗan asalin Malesiya, Pak Din, gwiwoyinsa duk sun lalace. Ya ce in kama Kumar ya gani. Na kama shi na maka da ƙasa yadda na saba. Ina jiran tafi, sai na ji tsawa.

"Kashe shi za ka yi?" in ji Pak Din. "Saurara. A taku kokawar abokin karawarka maƙiyinka ne. A tamu shi ne mai gadin ranka. In ka ɗaga mutum, wuyansa ya ba ka ajiya. In kuma shi zai ɗaga ka, kai za ka yi masa tsalle ka taimake shi, don ba mai iya ɗaga ƙato irinka sai ka yarda."

"To ai wasan kwaikwayo ne," na ce.

Kumar ya tashi yana shafa ƙugu, ya ja rigarsa ya nuna mini ɗinki a kafaɗa. "Wanda zai ci, mu mun sani tun kafin a fara," ya ce. "Katakon da ke ƙarƙashin tabarmar nan ne ba a gaya masa ba."

Darasi na farko a sana'ar nan shi ne faɗuwa. Ka manna haɓa a ƙirji, ka saki jiki ta baya, ka mari tabarma da hannu biyu. Kowa ya koya a rana ɗaya, ni sati uku na yi ina ƙi. In na zo sakin jiki sai ƙafafuna su kafe da kansu. Kumar ne ya gane ciwon. Ya roƙi Pak Din makulli, muka riƙa zuwa mu biyu kafin kowa ya iso. Ya ce, "Ba mai gani, Bang, daga ni sai fanka." Ranar da bayana ya fara taɓa tabarmar nan na kwanta ina kallon rufi, hawaye na bin kunnuwana. Bai yi mini dariya ba. Ya kwanta kusa da ni har na gama.

Mutumin nan, yara, ban taɓa yin aboki irinsa ba, kuma ba addininmu ɗaya ba. In lokacin salla ya yi sai ya faka babur a bakin masallaci ya jira ni. Da azumi ba ya ko kurɓar ruwa a gabana. Matarsa Devi ta sayi tukunya sabuwa musamman don ni, tana sayo kaza a wurin Musulmi, ta zuba mini shinkafa a ganyen ayaba har sai na ce don Allah ya isa. 'Yarsu ƙarama tana lilo a hannuna. Shekara goma sha ɗaya yana wannan wasa, ba a taɓa sa hotonsa a tsakiyar fosta ba, kullum yana gefe. Burinsa ke nan a duniya, sau ɗaya a ce shi aka zo kallo.

Sai Pak Din ya shirya gasar 'yan biyu-biyu. Ga yadda take: ku biyu ne, ɗaya a ciki yana faɗa, ɗaya a waje a kusurwa, kuma ba ka da ikon shiga sai abokinka ya tafa hannunka. Ƙungiya takwas, Asabar uku. Aka haɗa ni da Kumar. Tsarin Pak Din kuwa mai wayo ne. Kumar zai shiga ya sha duka, ya yi ta rarrafe yana miƙo hannu, 'yan kallo suna ihu, da ƙyar ya tafa ni, ni kuma in shigo in share fage. Doka ɗaya ya kafa wa sauran, kada wanda ya kai ni ƙasa. A doke ni, a yi tsalle a kaina, in girgiza kawai in tsaya. Asabar biyu muka yi haka, muka kai wasan ƙarshe. Yaran unguwa suka fara kirana Tembok, wato bango.

Ni na ɗauka don ya ga darajata ne. Ashe kiwona yake yi don ranar yanka. Ya zaunar da mu ya ce, "A ƙarshe za a cinye ku. Kumar za a danne. Zai tashi cikin fushi ya ce kai, Habu, ka makara. Ka juya za ka fita, ya rungumo ka ta baya, ya jefa ka ta saman kansa. Bangon da ba wanda ya kayar, abokinsa ya kayar da shi. Daga nan shekara guda kuna rigima, ku ne a tsakiyar fosta."

Kumar ya kasa zama don murna. Jifan nan kuwa mai haɗari ne, don mai jifa gantsarewa yake yi ta baya da dukkan ƙarfinsa, kansa ya nufi ƙasa, ya dogara cewa kai za ka tashi sama ka wuce shi. Muka yi alama: zai matse cikina sau biyu, in lanƙwasa gwiwa, in yi tsalle. Mun gwada ya fi a ƙirga, ko sau ɗaya ba mu kuskure ba. Amma duk a ɗakin da ba kowa.

To ga inda na jawo wa kaina. Akwai Hausawa a garin, yawancinsu masu karatun dakta ne da iyalansu, a dogayen benayen Danau Kota. Mutanen kirki ne, amma mai wankin tukunya a cikinsu, a gaisa ne kawai a wuce. Ana sauran kwana biyu wasan aka yi suna a gidan ɗayansu, na je cin tuwo. Wani Malam Lawal, mutumin Gumel, ya ƙura mini ido.

"Kai, ba kai ne ɗan Tanko na Maigatari ba? Subhanallahi! Jama'a, kun san wa ke zaune a nan? This man is a legend, wallahi!"

Nan take aka matsa mini a kan kujera, aka ƙaro nama. Shekara biyu rabon da wani ya kira sunan babana. Daɗi ya kwashe ni, na ba su labarin gasar. Wani matashi mai gilashi ya ce, "Amma resilin ai fake ce, ko? An riga an tsara." Da na ce e, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai na ji bakina ya ce, "Ta wasu dai. Ni tawa ba a tsara ta."

Ranar Asabar da azahar sai ga su, sun fi ashirin, da manyan riguna da huluna, sun cika layi biyu na kujerun roba. Na leƙo ta bayan labule na gan su. Kumar ya dafa ni ya ce, "Mutanenka sun zo, Bang! Yau za su ga abu." Devi ma tana can da 'yar a cinya. Na buɗe baki in gaya masa cika bakin da na yi musu a wurin suna, ban gaya masa ba.

Wasa ya tafi yadda aka tsara. Aka danne Kumar, alƙali ya ƙirga uku, aka ba wa waɗancan kofi. Kumar ya tashi yana nuna ni da yatsa, ya ture ni a ƙirji, zaure ya yi tsit. Na juya masa baya. Na ji hannuwansa sun zagaye cikina. A daidai nan Malam Lawal ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya irin ta maroƙan fage:

"Turmi sha daka! Kuka ba a rungume ki da hannu ɗaya! Ɗan Tanko, ƙasa ta san tafin ƙafarka, ba ta san bayanka ba!"

Kirarin babana ne, wanda na gada. A Setapak, a bakin duniya.

Kumar ya matse sau ɗaya. Ya matse na biyu. Na lanƙwasa gwiwa, shi kuma da ya ji na lanƙwasa ya saki dukkan jikinsa ta baya, don ya yarda da ni. Ni kuwa maimakon in tashi sama, sai na nutse, na sa ƙafar dama na harɗe tasa, yadda Baba ya koya mini tun ina ɗan shekara bakwai in an kama ni ta baya. Muka tafi tare. Kansa ya fara isa katako, ni kuma da duk nauyina na zauna a kansa.

Na miƙe tsaye. Hausawa suka ɓarke da ihu, sauran zauren ma suka ɗauka, sun zaci cikin wasan ne. Na ɗaga hannuwana sama. Na zagaya ina dukan ƙirji. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku yau: na ji daɗi, yara. Na yi numfashi uku ko huɗu ina jin daɗi, abokina yana kwance a bayana. Sai da na ga alƙali ya gicciye hannuwansa sama, alamar da ke nufin rauni na gaske ne, na ga Pak Din yana jan gwiwoyinsa yana hawowa, sannan na waiwaya. Idon Kumar a buɗe. Na durƙusa, ya ce da ni a hankali, "Bang, ba na jin jikina."

A farfajiyar asibiti na ce wa Pak Din zamewa na yi, zufa ce. Ya dube ni ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki. Ƙafa tana zamewa, amma ba ta zamewa ta harɗe." Bai ƙara ce mini komai ba, har yau.

Kwana tara ban iya shiga ɗakin ba. Ina zuwa in zauna a benci in koma. A na goma Devi ta fito ta same ni, ta rame, ta ce, "Shigo mana, yana ta tambayarka. Kada ka ɗora wa kanka, ya gaya mana shi ne riƙonsa ya kuɓuce." Haka ya gaya wa likita, haka ya gaya wa ɗan sandan da ya zo rubuta rahoto. Na shiga na same shi an ɗaure masa wuya da wani abu mai tauri. Ya ce wa Devi ta je ta sayo masa shayi, shi da ko kofi ba ya iya riƙewa. Da ta fita na durƙusa a bakin gadon.

"Kumar, ba riƙonka ba ne. Ni ne."

"Na sani lah. Na ji ƙafarka."

"To me ya sa ka ce kai ne?"

"Takardarka ta mutu tun bara. In na ce kai ne, kurkuku za su kai ka." Yana kallon rufi ya tambaye ni, "Me mutumin nan ya faɗa ne, mai babbar riga?"

Na fassara masa kirarin da guntun Turancina. Ya saurara har ƙarshe.

"Yana da daɗi," ya ce. "Da ka gaya mini, Bang, da mun canja ƙarshen. Da ni na faɗi. Ni ai na saba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kifa kaina a ƙarfen gadon ina kuka kamar yaro. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ka koma gida. Ban tsane ka ba. Amma ba zan iya riƙa ganinka kana shigowa da ƙafafunka ba."

Da gwamnatinsu ta buɗe ƙofa ga marasa takarda su fita salin-alin, na kai kaina. Ɗan abin da na tara na sa a ambulan na ba Anti ta kai wa Devi, don na san daga hannuna za ta yi ta tambaya. Na sauka Kano da jaka ɗaya.

Ashe ɗaya daga cikin ɗaliban nan ya ɗauki wasan a waya, hoton ya riga ni isowa Maigatari. Ina sauka a tasha na ji kalangu. Makaɗa, matasa, har da tsofaffin abokan Baba, ana ɗaga ni sama, wai ɗan Tanko ya je har Malesiya an kama shi ta baya ya ƙi faɗuwa. An yanke hoton daidai inda na ɗaga hannu. Wasunku ma kun gani, na sani, shi ya sa kuke ta naci in koya muku harɗiyar nan. Ba zan koya muku ba. Da kaka ta zo aka buga mini ganga har ƙofar gida, na ce gwiwa ke damuna. Gwiwata lafiyarta ƙalau.

Devi har yau ba ta san gaskiya ba, ya hana ni faɗa. Duk shekara in bikinsu na fitilu ya zagayo nakan kira shi. Mukan yi hira, ya tambayi Inna, ya ba ni labarin 'yar, ta shiga sakandare yanzu. Wani lokaci har dariya muke yi. Duk shekara kuma, kafin in danna lambar, sai na yi alwala na roƙi Allah abu ɗaya, in ji muryarsa ita ce ta fara amsawa, da hannunsa ya ɗauki wayar. Shekara shida ke nan. Bana ma da na kira, Devi ce ta ɗauka, ta ce, "Bang Habu, riƙe kaɗan, bari in kara masa a kunne."